Masaƙar da Aka Ɗaura wa Maigidana

Ba don ni aka nemo ajin saƙar ba, don maigidana aka nemo shi.

A bazarar farko ta korona ya kwanta. Injiniya ne a wani kamfanin gas, muna zaune a Wukair, kusa da birnin Doha, cikin rukunin gidajen da kamfanin ya kama wa ma'aikatansa. Yaranmu biyu suna karatu a Zariya wurin yayata, an kuma rufe zirga-zirgar jirage, saboda haka ni kaɗai ce a gidan ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarsa. Da ƙafarsa ya shiga motar, har yana tuna mini in kashe esin ɗakinsa. Ba a jima ba aka kira ni aka ce an sa masa injin numfashi. Ba a barin kowa ya shiga dubiya. Kullum da hantsi wata nas takan bugo ta gaya mini yadda ya kwana, ni kuma in bi dangi ɗaya bayan ɗaya in maimaita musu, har maganar ta daina yi mini ma'ana a baki.

Sai da zafi ya fara karyewa aka sallamo shi. Mutumin da aka turo mini a keke ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Muryarsa ta dushe saboda hudar da aka yi masa a maƙogwaro, kuma hannuwansa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ba ya iya ɓalla maɓallin riga. In ya ɗauki kofin shayi rabi a jikinsa yake ƙarewa. A zaune yake salla, na'urar iska tana gurnani a gefensa. A da mutum ne mai wasa da dariya, amma sai ya koma ba a gane inda za a taɓa shi. In na taimaka masa ya ce na mai da shi jariri, in na ƙyale shi ya ce ina kallonsa yana wahala.

Matar da ke koya masa motsa gaɓoɓi a asibiti ce ta kawo shawarar. Ta ce ya gaji da matsa ƙwallon roba, kuma tana ganin yatsunsa za su fi saurin dawowa in ya sami aikin hannu na gaske. Ta san wata malamar makaranta a unguwar Garrafa da ke koyar da saƙar darduma a gidanta duk safiyar Asabar, tun da aka sassauta kulle. Ba'amurkiya ce, amma daga mutanen asali na ƙasar, waɗanda ake kira Nabaho. Ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Maigidan ya yi ta ja da maganar, daga baya ya yarda, ina jin don a daina damunsa ne.

Ni na tuƙa mu. Malama ta tare mu a bakin ƙofa da takunkumi a fuskarta, ta duba manhajar korona a wayoyinmu ta ga launin lafiyarmu kore ne, alamar ba mu da cutar, sannan ta ce mu shigo. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta ba hamsin baya, ta ƙulle gashinta a ƙeya da farin zare. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta kallon mutum cikin ido in tana yi. Ta kwashe kujerun majalisin gidan, wato ɗakin baƙi, kaf, ta jera masaƙu a jikin bango, kowace da buzun tunkiya a gabanta. Masaƙar tsaye ce, katako huɗu a haɗe kamar wanda ake kafa ƙofa a jikinsa, an ɗaure zaren tsaye daga sama zuwa ƙasa ya miƙe tamau. Ina gani na tuna kakata ta wajen uwa, wadda ta yi ta saƙa gwado a irinta a Giwa har idonta ya mutu. Shi ma maigidan abin da ya gani ke nan, domin ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, "Wannan ai masaƙar mata ce."

Wata mata da ke zaune a buzun ƙarshe ta juyo tana dariya ta ce da mu sannu da zuwa. 'Yar Kumasi ce, daga Zango, tana aikin girki a makarantar da Malama ke koyarwa, kuma ƙaninta ne, wani kafinta a Sana'iyya, unguwar masana'antu, ya haɗa masaƙun nan duka. Ta girme ni, don haka Yaya na riƙa ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya. Hausarta ta Zango ba ta raba namiji da mace, da ni da maigidana duk "kai" ne a bakinta. Sauran 'yan ajin ba su da yawa, kuma suna zuwa suna ɓacewa.

Malama ta riga ta ɗaura wa maigidana tasa masaƙar, ta kuma ajiye masa 'yar kujera tunda ba ya iya zaman ƙasa. Aikin a ido ba wuya. Za ka jawo sandar da ke raba zaren tsaye, ka zura wani faffaɗan itace, irin wanda kakata ke kira akwasha, ka juya shi a tsaye don hanya ta buɗe, ka bi da ulu da yatsu, sannan ka daddanne shi ƙasa da matajin katako. Daga ƙasa ake farawa a yi sama. Ba a zana komai a takarda, a ka ake riƙe adon. Asabar ta farko ya samu ya saka 'yan layuka na jan ulu, a karkace, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Malama ta duba ta gyaɗa kai, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

A zuwa na uku ne matajin ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka ya kasa, ya sake gwadawa hannun ya ture shi ya yi nisa. Malama ta ɗauko ta ajiye masa a cinya ta wuce abinta. Yaya kuwa, da zuciya ɗaya, ta ce, "Ayya, sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Ya dafa bango ya miƙe, ya fita yana haki, na bi shi da jakar iskarsa. Sai da muka hau babban titi ya yi magana.

"Kada ki sake kai ni inda za a riƙa yi mini sannu."

Na ci gaba da tuƙi har Wukair.

Na bugo wa Malama don in ba ta haƙuri in ce mun janye. Ta ce ta ji, amma a wurinsu ba a ɗaura zare a bar shi tsaye ba mai kula da shi, sai dai in zo mu kwance tare. A lokacin maigidan ya fara iya zama shi kaɗai na 'yan sa'o'i, don haka na je da niyyar kwancewa. Ina shiga ta janye kujerar, ta shimfiɗa buzu, ta miƙo mini matajin. Na ce mata ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Ta ce in saka layi ɗaya tukuna. Na tambaye ta ko in cire nasa jajayen layukan tunda sun karkace, ta ce a'a, a kansu zan ɗora.

Haka na zama ɗaliba ba tare da na nema ba. Da na gaya wa maigidan, cewa ya yi in yi abin da na ga dama, kuma daga ranar bai sake tambayata labarin ajin ba. Duk Asabar in haɗa masa karin kumallo, in jera magungunansa a faranti, in ajiye wayarsa kusa da hannunsa, in fita.

Ba zan ce saƙar ta faranta mini rai ba. Gwiwoyina sun yi ta ciwo, bayana ya riƙe, ulun yana da maiƙo da warin tunkiya da ke bin mutum har gida. Sai dai a ɗakin nan ba wanda yake jiran in yi masa komai. Ba ka jin kome sai bugun mataji, kowa da nasa saurin, da 'yar waƙar da Malama ke yi ƙasa-ƙasa cikin harshensu in tana kaɗi. Mazarinta dogo ne, ya kai tsawon hannu, tana kafa shi a ƙasa ta murza shi a cinya. Dokokinta ba su da yawa amma ba ta sassauta su. Ba a barin akwasha a cikin zare a tashi. Ba a miƙa wa wani abu ta tsakanin zaren. In ranka a ɓace yake, ka ajiye mataji ka je ka sha ruwa.

Na kai kusan tsawon kamu biyu, na fara adon baƙi da fari mai kama da matakala, sai wata safiya ta tsaya a bayana ta daɗe. Ta ɗauko wani zare ta auna faɗin dardumar a ƙasa, ta ɗaga shi ta auna inda nake. Saman ya tsuke da kusan yatsa biyu. Ina jan ulun da ƙarfi ne in na kai gefe, dardumar ta fara yin ƙugu. Ta ce in warware har inda tsukewar ta fara. Aikin wata da watanni ne. Na ce mata ni ba sayarwa zan yi ba, ba wanda zai lura. Ta ce in na ci gaba a haka zaren gefe zai tsinke kafin in kai sama. Na zauna ina zare ulu layi-layi, hawaye yana shiga takunkumina. Yaya ta matso da buzunta tana naɗe mini abin da na warware, ta ce, "Hajiya, kar ka damu, ni sau biyu ya sa ni." Malama ba ta yarda a zubar ko da guntun ulu ba, duk wanda aka cire sai an sake saka shi. A lokacin na ɗauka rowa ce.

A hunturu na biyu, da cutar ta sake tasowa, aka dakatar da ajin. Ana cikin haka Yaya ta bugo ta ce an yi wa Malama rasuwa, yayanta namiji ne a can gida, kuma ba za ta samu zuwa ba. Da aka sassauta muka shirya gaisuwa yadda muka saba. Na yi waina da miyar taushe, Yaya ta yi wake da shinkafa irin tasu, muka je da rana. Ta buɗe mana ƙofa da mamaki a fuskarta. Muka zauna a ɗakin saƙar tunda babu kujeru. A hanya na yi ta tunanin abin da zan ce, domin addu'ar da bakina ya saba da ita ba tata ba ce. Na ce Allah ya ba ta haƙuri. Sannan na tambayi sunan mamacin da irin jinyar da ya yi, kamar yadda ake yi a gidan makoki don mai rashi ya sami abin faɗa.

Ta kawar da kai, har na fara jin kunya. Can ta ce, tana kallon ƙasa, "Mu ba ma kiran sunan wanda ya tafi. Ba ma yawan zancensa kuma. Na gode da abincin."

Na rasa inda zan sa kaina. Na yunƙura zan ce mu tafi, sai ta tashi ta jawo wani buhu daga bayan masaƙu, ta zazzage ɗanyen ulu a gabanmu, ta ba mu matazan ƙarfe masu faɗi da ake sharce shi da su. Muka wuni muna tsince ƙaya da busasshiyar ciyawa muna sharcewa. Wajen la'asar ta fara magana, ba a kan mamacin ba, a kan tumaki. Ta ce garken mahaifiyarta ne, a wani tudu mai jan dutse inda sai an yi tafiya mai nisa da mota kafin a ɗebo ruwa. Mahaifiyar ta rasu tun a watannin farko na annobar, ba ta je ba. Yayan ne ya ci gaba da kiwon. Ulun da muke saƙa da shi duka na askin ƙarshe ne da tsohuwar ta yi da hannunta, ta aiko mata a akwati. Yanzu wani maƙwabci ne ke ba tumakin ruwa, kuma shi ma ya tsufa.

A gida kuma abubuwa suna ta lalacewa a hankali. Maigidan ya koma aiki rabin wuni a ofis, ba a fili ba. Hannun ya ɗan yi dama, numfashin ne ya ƙi. In ya hau bene sai ya zauna a tsakiya ya huta. Kamfanin ya yi haƙuri da shi fiye da shekara, ba zan ce ba su yi ba. Amma a shekarar gasar ƙwallon duniya, lokacin da ake ta fentin gadoji ana rataya tutoci a kan tituna, shugabansa ya kira shi ya gaya masa cewa likitocin kamfani sun ce khalas, wato shi ke nan, ba zai iya komawa bakin aikinsa ba. Kamfanin ne kafil ɗinmu, wato mai ɗaukar nauyinmu, izinin zamanmu da gidan da asibitin duk a hannunsa suke. An yi mana alfarma mu zauna har a gama gasar.

Ita ma Malama mai gidan da take haya ya ce ba zai sabunta mata haya ba, 'yan kallo zai ba. Za a rufe makarantu tsawon gasar. Ta ce da ma tana neman abin da zai tashe ta, ta ajiye aikin, za ta koma wurin tumakin. Asabar ta ƙarshe majalisin cike yake da kwalaye. Saura mini kamar tafin hannu in kai sama, kuma nan ne wurin da ya fi wuya, don hanya tana ƙara matsewa har akwasha ta daina shiga. Ba a yanke irin wannan darduma daga masaƙa, sai an cike ta har bakin ƙarshe, in ba haka ba ta warware. Ta ɗauko wata ƙaramar masaƙa ta nuna mini yadda ake sauya itace da siriri, daga nan a koma ƙarfen lema, a ƙarshe allura. Sau ɗaya ta nuna, masu kwasar kaya suna jira a waje. Ta naɗe mini ulun da zai ishe ni, ta ce in tafi da masaƙar. Na rungume ta, ta tsaya ƙiƙam, sannan ta ɗan bubbuga mini baya. Ƙanin Yaya ya ɗora masaƙar a bayan motarsa ya kai mini Wukair.

A falo na kafa ta, kuma ranar maigidan ya fara ganin dardumar. Shekaru yana cewa in gasar ta zo ba wasan da zai wuce shi, ga filin wasa nan a Wakra, tafiyar 'yan mintuna. Abokansa sun samar masa wurin masu keken marasa lafiya, ya ƙi. Yana zaune a kujerarsa da bututu a hanci yana kallo a talabijin, ya rage sauti, ni kuma ina ƙasa na ba talabijin baya. Motocin 'yan kallo suna wucewa ta bayan katanga da ganguna da oda. Wani yammaci, ana hutun rabin lokaci, na ji ya ce, "Jan nan na ƙasa, ni na saka shi?"

Na ce shi ne.

"Ya ɓata miki aiki. Cire shi."

Na ce ba ya ciruwa sai an warware duka. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya mai da idonsa kan wasan.

Ban gama ba. Ga haɗa kaya, ga zirga-zirgar asibiti don karɓo takardunsa da maganin da zai ishe shi, ga yatsuna da allura ta farfasa. Ranar da masu jigilar kaya suka zo saura faɗin yatsa uku. Na kwance igiyoyin, na naɗe dardumar a jikin sandunanta biyu da zaren tsayen a ciki, na sa a akwati. Katakon masaƙar na bar wa Yaya. Ta zo filin jirgi ta raka mu cikin cunkoson masu komawa gida da rigunan ƙasashensu, ta riƙe hannuna tana ta addu'a, ta ce wa maigidan Allah ya kiyaye hanya, ba ta ce masa sannu ba.

A Zariya na'urar iskarsa ta zama aikin gidan gaba ɗaya. In an ɗauke wuta sai a ruga a tada janareto, in mai ya yanke a koma kan tukunyar iska. Yara sun yi iya ƙoƙarinsu. Ya ji daɗin ganin 'yan'uwansa, har wani lokaci nakan ji dariyarsa daga zaure. Zafin bazara ya wahalar da shi sosai. Ya rasu a farkon damina, da hantsi, babban ɗanmu yana riƙe da shi.

Cikin takaba na ciro dardumar. Na kwatanta wa ɗana yadda katakon yake, ya kai wa wani kafinta a Tudun Wada, aka haɗo mini wata da ta ɗan fi waccan gajarta. Na manta rabin abin da Malama ta nuna mini, na yi ta gwadawa ina warwarewa. Mata masu shigowa gaisuwa sukan tarar da ni a gabanta, wasu su yi kamar ba su gani ba, wata gwaggon maigidan kuma ta ce ba ta taɓa ganin mai takaba da masaƙa ba, amma dai ba ta san an hana ba. Kafin in fita na cusa layin ƙarshe da allura. Bakin saman ya fi na ƙasan tauri, kuma kusurwa ɗaya tana naɗewa.

Na ɗauki hotonta na tura wa Malama. Saƙon bai shiga ba, har yau lambar ba ta tafiya. Yaya tana nan a Doha, ta koma girki a wani gida a Garrafa, ita ma ba ta da labarinta. Dardumar ta yi ƙanƙanta a yi salla a kai, don haka tana kan akwatin da ke ƙarshen gadona. Bara na so in ɗaura wata, na aika aka sayo mini zaren saƙar hula a kasuwar Sabon Gari. Na roba ne, santsi gare shi, in na danne shi da mataji sai ya taso. Na saka kamar tafin hannu na ga ba zai yi ba, na kwance. Wani ya ce mini ana samun ulun tumaki wajen Nijar, na ba wani direba sallahu, ina jira.